Allon Motar Ofis da Jakin Nomau

Zuwa ga Maigidana, Marigayi Malam Bawa, Tsohon Shugaban Direbobin Ofishinmu, Birnin Kebbi.

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ni ne yaronku Garba Direba. Na san ba za ku karanta wannan takarda ba. Ko kuna raye ma sai an karanta muku. Amma da hannuna na rubuta ta, domin yanzu ina ajin yaƙi da jahilci, kuma malaminmu ya yaba rubutuna a gaban kowa.

Mota ce ta kai ni makaranta. Ofis ya sayi sabuwa, irin wadda duk manyan gari ke hawa. Ba ta da maɓallan murɗawa, sai allo irin na waya, komai a rubuce. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni na yi ta zuga Darakta a saye ta, don kada direbobin unguwar Nasarawa su raina mu.

Kun tuna yadda kuke ɗaure mini ido da rawaninku a gareji, ku sa in laluɓo kowane maɓalli? Kun ce ido na hanya ne, sauran aiki na hannu. A bayan idonku na yi muku dariya. Ku yafe mini.

Ranar Talata da la'asar muna dawowa daga Argungu, ruwa ya sauko, gilashi ya yi hazo. Hannuna ya tafi inda kuka koya masa, bai tarar da komai ba. Na sunkuya ina haɗa baƙaƙe, ina neman inda aka ɓoye iskar gilashi. Kafin in ɗago, mun ture jakin wani manomi, Nomau, mun gangara cikin shinkafa kusa da Zauro. Mutum bai mutu ba. Jakin ya mutu.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Gobe kwamitin bincike na ofis zai yanke ko a bar mini makullin mota. Shugabansa ya riga ya ce motar da kowa ke rububi ba ta da aibu. To, masu rububin su ke tuƙi? Ba a baya suke zama ba? Wa ya tambayi direba?

Abokan aiki sun ce in rubuta cewa jakin ne ya faɗo titi. Maigida, jakin nan a gefe yake tafiya. Na rubuta cewa na ɗauke ido daga hanya, na rubuta dalili, na kuma rubuta wanda ya ba da shawarar sayen motar. Idan makulli ya tafi, ya tafi. Shin haka za ku yi?

Allah Ya haskaka kabarinku.

Waɗanda suka ga abin da ya faru: Malam Sani Masinja, da Emeka mai tayoyi da ke bayanmu, da Nomau, wanda har yau ban iya kallon idonsa ba.

Yaronku mai biyayya,
Garba Direba, da hannunsa.