Aikina ɗanɗano ne, likita kuma ya ce in kama bakina

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure tamau. Sau uku ina fara rubuta miki ina gogewa, don ban san ta inda zan kamo zancen ba. Kada ki sa sunana, in kika sa na kaɗe har ganyena.

Ni jagoran baƙi ne. Mutanen da ke shigowa garinmu su yi kwana ɗaya ko biyu, su buɗe ido, su ci daɗi, su koma, su nake zagayawa da su. Kamfanin da nake wa aiki ƙarami ne, mu huɗu ne har da mai shi. Nakan ɗauki mutum takwas zuwa goma a bakin tashar jirgin ƙasa da ƙarfe goma na safe, mu ratsa tsohuwar kasuwa, mu hau gada su ɗauki hoto, mu leƙa gidan tarihi, mu ƙare a dandalin da ke da dogon agogo. Tafiyar awa huɗu ce a ƙafa, kuma a hanya muna tsayawa wuri shida mu ci abinci: mai shayi da burodi, mai soyayyen kifi, mai gasasshen nama, mai shinkafa da miya, mai lemo, sai ta ƙarshe, wata tsohuwa da kowa ke kira Inna, wadda ke soya ƙullin fulawa ta tsoma shi cikin zuma. Shekarata goma sha ɗaya a kan wannan hanya, kwana biyar a mako.

To ga inda gizo ke saƙar. Baƙo ba ya taɓa abincin bakin titi sai ya ga wani ya ci, don haka ni nake farawa. Mai abinci ya miƙo mini farantin farko, in kai baki a gabansu, in lumshe ido, in kaɗa kai, nan take sai ki ga hannaye sun miƙo. Ba wasan kwaikwayo nake yi ba, wallahi ina son abinci tsakani da Allah. Har akwai baƙin da ke rubuto wa kamfani cewa in za su dawo a haɗa su da mai lumshe idon nan. Su ma masu abincin fuskata suke kallo su san ko girkin yau ya yi.

Wata biyar da suka wuce na fara fama da ƙishirwa da kasala, na je asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, jinina ma ya ɗan hau. Ya ce in rage zaƙi, in rage maiƙo, in rage gishiri. Ina zaune ina gyaɗa masa kai, a zuciyata kuwa ina cewa bawan Allahn nan aikina ya lissafo kaf.

Maman yara, wato matata, ta ɗauki abin da zafi. Tela ce, kekenta na falo, amma a makon nan ko zare ba ta taɓa ba. Ta sayo ɗan sikelin auna abinci, ta sayo tukunyar turara, ta ɗora gwangwanin sukari can saman kabad inda sai da kujera ake kaiwa. Ta manna takarda a jikin firij, kowace safiya in na gwada jinina ta rubuta lambar da na'ura ta nuna. Ta koyi turara kifi da kabeji da karas, ta koyi haɗa wake da ganye da ɗan lemon tsami, kuma Anti ba don tana matata ba, abin yana da daɗi. Da ta tambaye ni wajen aiki fa, na ce ai na daina ci, nuna musu kawai nake yi. Ƙarya na shara mata, ko ƙifta ido ban yi ba.

Gaskiyar ita ce a wuri biyar ina ci kamar da. Ban gaya wa mai kamfani ba, don akwai wani abokin aikina da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan hanyata, shi kuma cikinsa ko dutse ya samu zai niƙa. Jagoran abinci da ba ya cin abinci, me za a yi da shi? Yara uku ne da ni a makaranta. Masu abincin ma ban gaya musu ba, kunya nake ji, ban san ma kunyar mece ce ba. Na Inna kaɗai na ji tsoro, don shi zaƙi ne zalla. Sai na ƙirƙiro dabara. In karɓa, in kai kusa da baki, in lumshe ido, in baƙi sun rufe ta sai in naɗe a hankici in jefa cikin jaka. Har ina yaba wa kaina wayo.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. A gida lambar nan ta ƙi sauka, maman yara kuma ta ɗauka girkinta ne bai yi ba. Ta cire shinkafa. Lambar ba ta sauka ba, ta cire burodi. Ta cire dankali. Yanzu gidan gaba ɗaya ganye muke ci, har autarmu ta tambaya ko mun koma awaki ne. Ni na yi dariya, uwarta ba ta yi ba. Ran nan na dawo da la'asar na same ta tsaye a kicin da takardar firij a hannu tana hawaye, wai ita ce ba ta iya ba, matan wasu suna yi mazansu na samun sauƙi, ita ta kasa. Ni kuma a lokacin cikina ɗauke yake da kifi da nama da lemo kofi guda. Na dafa kafaɗarta na ce ta yi haƙuri, a hankali komai zai daidaita. Na ji na tsani kaina.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan na Inna. Ashe tsohuwar nan ta gani tun ranar farko, ba ta ce uffan ba. Na dai lura ta fara ƙara zuma. Bayan kwana biyu ta sauya mai. Can kuma sai na tarar da surukarta a gaban kasko, ita tana gefe a kan kujera ta zuba tagumi. Mutanen unguwa da suka saba saye suka fara ƙorafi wai abin Inna kullum da irin ɗanɗanonsa. Ni duk ban kawo komai a raina ba, wauta ta rufe mini ido.

Ranar Asabar da ta wuce, baƙi na ta ɗaukar hoto, ta jawo ni gefe. Ta ce ta daɗe tana ganin hankicina, ta san kunyarta nake ji shi ya sa na kasa faɗa mata. Ta ce ta gane tsufa ya kashe mata harshe, hannunta ma ya mutu, tunda har ni da na ci abinta shekara goma sha ɗaya na koma ɓoyewa a jaka. Gara ta tashi da mutuncinta kafin a fara yi da ita. Ƙarshen wata za ta miƙa wa mai wurin da take haya makullinsa ta koma gidan ɗanta ta zauna. Shekararta talatin da takwas a gaban kaskon nan.

Anti, a nan ne fa ya kamata in buɗe baki, ko? Sai na rikice. Na hau rantse-rantse cewa abinta na nan da daɗinsa, na wawuro guda uku na cinye a gabanta. Ta dube ni ta ce ta san cin tausayi in ta gan shi. Muna isa dandali bakina ya bushe ƙamas, idona ya fara ganin dishi-dishi, dole na zauna a kan dakali na ce wa baƙi takalmi ne ke matsa ni.

Yanzu gaba kura, baya siyaki. In na gaya wa Inna, kafin azahar duk layin ya ji, kafin la'asar mai kamfani ya ji. In na gaya wa maman yara, da wane ido zan kalle ta bayan ta yi wata biyar tana auna karas? In na ci gaba da ci, tsoro nake ji, wallahi ranar Asabar na tsorata. In na bar aikin, ban iya komai ba sai yawo da surutu da ci. Wani lokaci in ce in rubuta wa Inna takarda, sai in tuna ba ta karatu. Wani lokaci in ce in biya wani ya je ya yi ta yabon abinta. Kwana tara ya rage wata ya ƙare, na rasa tudun dafawa.

Naki,
Jagoran da ya ɓata

*

Ɗan'uwa jagora, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ban ga mugu a cikinta ba, mai tsoro na gani. Tsoronka kuma ba na banza ba ne. Magidanci mai yara uku a makaranta ba ya wasa da hanyar abincinsa, kuma ciwo irin naka yakan zo da wata kunya marar dalili da ke ɗaure bakin mutane da yawa. A nan na ba ka gaskiya.

Amma ka dubi abin da shirunka ya haifar. Mata biyu da suka iya girki, ka sa kowacce tana zargin hannunta. Ɗaya tana kuka a kicin, ɗaya tana shirin ajiye sana'arta, kai kuma da aka yi shirun dominka jikinka bai huta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ka kai ƙarshensa. Maganar hayar mai yabo kuwa ka binne ta, Inna ta gane cin tausayi, yabon haya ne zai gagare ta?

Ka fara da gida, yau ɗin nan. Ka zaunar da maman yara ka gaya mata abin da kake ci a wuri biyar ɗin, kada ka rage ko kofin lemo. Za ta yi fushi, tana da gaskiya, ka bar ta ta yi, kada ka tare ta da ai saboda ku na yi. In ta huce ku koma wajen likita tare, da takardar firij da jerin abin da ke shiga cikinka a wajen aiki. Wata biyar ke nan likitanka yana duba mutumin da bai san rabin abincinsa ba, kuma abin da ya same ka a dandali dole ya ji shi. Ku tambaye shi me za ka iya ɗanɗanawa, nawa, sau nawa. Ita ma zai gaya mata cewa girkin lafiya ba horo ba ne. Ta wuce gona da iri, amma laifin wanda ya ɓoye mata lissafi ne. A dawo wa yara da shinkafarsu.

Batun aiki kuma, ina ganin ka raina kanka. Kana tsammanin cikinka kamfani ke biya? Abokin aikinka zai iya cinye faranti shida, amma ba shi da shekara goma sha ɗaya na sabo da mutum shidan nan. Ba dole sai kai ne za ka fara ci ba. Ka zaɓi mai ƙarfin hali a cikin baƙi ka ba shi farantin farko, ko mai abincin ya ci da kansa yana ba da labarin yadda ya koya. Inda likita ya yarje maka, ka ɗan gutsura ka lumshe idonka. Ka gwada haka kwana biyu, sannan ka je wa mai kamfani da labarin ciwon da maganin matsalar a tare, kafin ya ji a bakin wani. Ba zan yi maka alkawarin zai karɓa da hannu biyu ba, yana iya tsuke fuska. Amma wanda jagoransa ya yanke jiki ya faɗi a gaban baƙi ya fi shi asara, kuma ya san haka.

Inna kuwa ba ta jira. Gobe da sassafe ka je, ba tare da baƙi ba, kafin ta ɗora kasko. Ka tafi da katin asibitinka ko da ba ta karatu, surukarta ta karanta mata, don ka riga ka yi mata rantsuwar da ba ta karɓa ba, baki kaɗai ba zai isa ba yanzu. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce Inna ciwon suga gare ni, tsoron zumarki nake yi don ta yi daɗi da yawa, ka nemi gafararta. Ka roƙe ta ta koma ma'auninta na da, ta karɓi kaskonta daga hannun surukarta. In bayan ta ji gaskiya ta ce duk da haka ta gaji, hutu take so, wannan haƙƙinta ne, ka taya ta kwashe kaya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne tsohuwa ta ajiye sana'ar shekara talatin da takwas saboda ciwon da ba a jikinta yake ba.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar maman yara, ya sa ka tarar da Inna makullin yana hannunta.

Taka,
Anti