Auta Ya Daina Baƙunta

Zuwa ga Mamana abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya jiki, ya ƙafar nan taki? Ina fata kina shafa maganin, ba ki ajiye shi kan taga yana kallonki ba. Mu nan lafiya lau, maigidana da yara suna gaishe ki.

Mama, autanki ya samo mata. Nas ce, shagonsa take kawo ƙanenta aski. Yarinya mai hankali, har na rasa me ta gani a jikinsa. Sai dai akwai magana. Da ya je gaida babanta, dattijon bai tambaye shi gida ko mota ba. Abu ɗaya ya tambaya: wace ikilisiya ce tasa? Auta ya buɗe baki ya jero guda tara.

Ba ƙarya ya yi ba. Kin san a kowace sujada fasto kan ce baƙi su tashi, a yi musu waƙar maraba, a kai su kujerar gaba, a ba su lemo mai sanyi. To tun da ɗanki ya zo garin nan, kowace Lahadi baƙo ne a wani wuri. Yadda yake zaɓen injin aski haka yake zaɓen coci: wannan mawaƙansu sun iya amma benci da tauri, wancan akwai sanyi amma wa'azi da tsawo. Wai yana neman inda za a ciyar da ruhunsa. Na ce masa ban taɓa jin ruhun da ke shan lemo ba sai nasa.

Dattijon ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ko ya kwanta ciwo ba a san bencin da ya rage ba kowa ba. Sai ya ji wata ikilisiya ta ce Auta nata ne. Kuma akwai wani malamin makaranta da ke ta sintiri a gidan. Auta har ya rame. Ina yi masa dariya, amma tausayinsa nake ji, don yana son yarinyar nan da gaske. Ki sa shi a addu'a.

Taki har kullum,
'Yar farinki

Mama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ji daɗi da aka ce kin fara zagaya tsakar gida ba sanda.

Auta ya bi fastocin nan ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai shaida cewa ɗan ikilisiyarsa ne. Kowanne ya tarbe shi da fara'a yana kiransa baƙonmu, amma ko sana'arsa ba wanda ya sani. Da ya rasa tudun dafawa, sai ga shi a 'yar cocinmu, wadda ya taɓa cewa fankarta na kuka kamar akuya, mawaƙanmu kuma kowa da hanyarsa.

Da aka ce baƙi su tashi, zumbur ya miƙe. Bai san Kaka mai shara ba. Tsohuwa ce da ke share cocin tun kafin a yi mata rufi, kuma ba ta manta fuska. Ana tashi daga sujada ta zo, ya miƙa hannu zai karɓi lemo, ta danƙa masa tsintsiya. Ta ce ta riga ta yi masa waƙar maraba sau biyu, muryarta ba ta banza ba ce.

Da ta ji wanzami ne, sai ta ajiye tsintsiyar ta ja shi gidan Baba kafinta, wanda ya yi mana bencinan da muke zama a kai. Ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ba ta fita sosai, gashi da gemu duk sun cinye masa fuska. Auta ya tafi yana ƙunƙuni, har ya ce in biyo shi in ɗauki hoto don baban nas ya gani. Na bi shi, amma hoto kam ban ɗauka ba.

Mama, ɗanki ya iya aiki. Ya tallafe kan tsohon da tafinsa, yana bi a hankali. Da ya gama ya nuna masa madubi, Baba ya daɗe yana kallon kansa, sai ya yi dariya da rabin baki, hawaye na zuba. Ya yi ta nuna hularsa da ƙofa har muka gane: ashe kunya ce ta hana shi zuwa sujada, da kuma rashin mai tura masa keken guragu. Yanzu duk Asabar Auta na can da jakar askinsa, Lahadi kuma shi ke turo shi. Yana dai cewa na ɗan lokaci ne.

Ki gaida Gwaggo.

'Yar farinki

Mamana,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Lahadin da ta wuce wata babbar coci mai gilasai ta gayyato mawaƙa daga nesa. Auta ya ci ado, ya fesa turare, ya ce mini yau ɗaya dai in nemo wa Baba mai turawa. Na ce ni ba 'yar aikensa ba ce, na wuce. Na shiga sujada na tarar wurin zaman Baba na bakin taga ba kowa. Muna cikin waƙa ta biyu sai na ji ƙarar keke. Ga Auta sharkaf da gumi cikin adonsa. Daga baya ya gaya mini har ya hau mota, sai ya tuna tsohon na zaune bakin ƙofa da hula a kai tun da safe, ya ce wa direba ya tsaya.

Abin da ba mu sani ba, baban nas na benci na baya. Ba wanda ya gayyace shi, ya zo ne ya gani da idonsa.

Fasto ya ce baƙi su tashi. Mama, ƙafafun ɗanki sun saba, kafin kansa ya yi tunani sun riga sun miƙe da shi! Na rufe fuska da gyale na ce shi ke nan, malamin makaranta ya ci. Sai Baba kafinta ya kai hannunsa mai lafiya, ya cafko rigar ta baya, ya fizgo shi ƙasa. Mutumin da sai mun kasa kunne muke gane maganarsa, ranar har bakin ƙofa an ji shi: “Zauna. Namu ne.”

Coci ta kwashe da dariya, fasto har da riƙe ciki. Ni kuwa kuka nake, ban san lokacin da ya zo ba.

Baƙo ɗaya ya rage a tsaye, baban nas. Kaka ta miƙa wa Auta lemo ta ce ya kai masa. Lemonmu ba sanyi, ba mu da firiji, amma dattijon ya shanye tas. Ya dubi Auta sama da ƙasa, ya ce a turo manya.

Saboda haka ki ci gaba da shafa magani, akwai rawa a gabanki. Fasto ya ce almajirin Yesu ba ɗan kallo ba ne, Auta ya gyaɗa kai kamar shi ya gaya masa. Har yanzu yana cewa mawaƙanmu ba su iya ba. Amma in kin zo ba za ki ji kukan fankar nan ba. Jiya na leƙa coci na same shi tsaye kan benci, Kaka na riƙe masa ƙafa, yana ɗiga mata man injin askinsa.

Allah ya kawo ki lafiya.

Taki mai ƙaunarki,
'Yar farinki