Muryar Inna a Hannun Mutane

Dingyaɗi, Litinin

Zuwa ga Yaya Lirwanu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da karatu. Baba na gaishe ka.

Yaya, wayar marigayiya Inna ta mutu. Ruwa ya zubo ta rufin ɗaki ya jiƙa ta, mai gyara a Boɗinga ya ce ba ta tashi. Maganganun nan shida na Inna da ka ɗauka suna ciki.

Da Sallah ka ce ka sa su inda ba su ɓacewa. Ka ce an yanka su gutsi-gutsi an raba wa kwamfutocin mutane. Na ɗaga kai ne kawai don Baba na wurin, amma ban gane ba. Waɗanne mutane? Wani na riƙe da sallamarta, wani da dariyarta? Don Allah ka karɓo muna. Ka ba Mode direba amsa in ya sauke albasa.

Ƙanwarka, Bahijja

Sakkwato, Alhamis

Bahijja sarkin kunya,

Na ga wasiƙa. Kwantar da hankalinki. Abin kamar irin albasa ne: Baba kan ba Kawu, Kawu ya ba maƙwabci, in namu ya lalace mu je mu karɓo. Babu wani babban rumbu guda. Duk wanda ya ɗauka, ya zama mai ajiya, kuma daga wurinsa wani zai ɗauka.

Kwamfutata ta ƙone wancan wata da wuta ta zo da ƙarfi, amma ba komai. Takardar nan mai dogayen lambobi da na ce ki kai wa dangi masu babbar waya, duk wanda ya buɗe ta yana da muryar. Mutum nawa kika ba?

Yayanki, Lirwanu

Dingyaɗi, Asabar

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban ba kowa ba.

Da ka miƙo mini ka ce, "Amana ce, Bahijja." Ni abin da na sani, amana ɓoye ta ake yi. Na naɗe ta a leda na sa ƙasan kwallar Inna. Kuma tunda ka ce yankawa ake yi, na ɗauka in kowa ya ɗebi gutsi za ta yi ta raguwa har ta ƙare. Sau biyu na kai ƙofar Kawu Murtala a Shagari da ita a hannu, na gaishe shi na dawo.

Amma takardar lafiya lau take, ko gara ba ta taɓa ta ba. Ga ta nan na kwafe maka, na duba sau uku. Ai za ta buɗe, ko?

Ƙanwarka, Bahijja

Sakkwato, Laraba

Bahijja,

Takardar kwatancen gida ce, ba gidan ba. Kwana uku ina nema da kwamfutar abokina, babu mai amsawa. Ni kaɗai ke riƙe da muryar ashe, ga shi kwamfutata ta ƙone. Ba laifinki ba ne, ni na yi miki bayani a tsaye ina saurin mota. Kada ki faɗa wa Baba tukuna.

Lirwanu

Dingyaɗi, Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa. Akwai abin da na ɓoye maka, ka yafe mini.

Ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarmu Basira a Lambara, tun wayar Inna na aiki, Inna Ƙarama ta ce in sa mata muryar yayarta. Ta saurara ta yi kuka, sai Basira ta karɓi wayar ta kara da tata tana latse-latse. Na tsorata muryar za ta ƙaura ta bar mu, na fizge. Ta ce, "Ke, hauka kike? Guda kaɗai ta wuce." Tun ranar nake ganin na ci amana.

Jiya na roƙi Baba na tafi Lambara. Yaya, tana nan! Basira ta tura wa surukarta, ita ta tura wa matan da suke cirar albasa tare, na ƙirga waya goma sha ɗaya. Sai dai ba addu'ar da ta yi muna ba ce, ba kuma labarin Sifawa ba. Wadda take yi mini faɗa ce, tana cewa, "Bahijja, miya na ƙonewa kina kallon tururuwa!" kai kuma kana dariya a baya. Wai in sun gaji a fadama ita suke sawa. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta kama hannuna ta ce, "Ke ce mai tururuwa?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Har yanzu ban gane ba. Daga wayar Basira ta kai ga mutum goma, tata kuma ba ta ragu ba, na saurara har ƙarshe. To mi ake yankawa?

Ga memorin waya cikin wagga takarda, muryar na ciki. Ka ba wanda ka ga dama, ban da abokanka na makaranta.

Ƙanwarka, Bahijja

Sakkwato, Talata

Mai tururuwa,

Ta iso. Na saurara sau tara kafin in iya tashi. Na riga na tura wa Kawu Murtala. Ki ari wayar Basira ki sa wa Baba.

Yayanki, Lirwanu