Minti Arba'in Daga Muryar Kaka Fuatino

Honolulu, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Kawuna Pouniu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi irin na 'ya ga uba. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Malae da dukan mutanen gida a tsibirin Savai'i. Ubangiji ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya ƙara maka haƙuri da ɗawainiyar dangi. Mu ma nan muna lafiya. Mama na zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, jikin da sauƙi, har ta koma faɗa da gwazar kanti, wai ba ta da maraba da sabulu. Ta ce in gaya wa ƙanenta idan ya manta da ita, kada ya manta da kwakwar da ya yi alkawari. Matar fastonmu za ta zo gida, ita na ba wa takardar nan ta kawo maka hannu da hannu. Ban kira ka a waya ba domin na san da na ji muryarka bakina zai mutu.

Kawu, ka san tallafin da jami'a ke ba masu nazarin harsunan tsibiranmu shi ne ya riƙe ni shekara biyu. Shi ke biyan kuɗin makaranta, daga cikinsa nake biyan hayar ɗakin da muke ciki da Mama. Ka kuma tuna bara da na zo hutu na zauna da Kaka Fuatino ina ɗaukar muryarta, kana yi mana dariya wai tsohuwa ta samu mai jin surutunta kyauta. Awa goma sha ɗaya na ɗauka, tatsuniyoyi da waƙoƙin saƙar tabarma da tsofaffin kalmomin da ko fasto bai sani ba. Sharaɗin tallafin shi ne duk abin da ɗalibi ya ɗauka a ajiye shi a taskar jami'a, a buɗe wa kowa bayan shekara. Na sa hannu. Da Kaka ta rasu a Fabrairu na kasa sauraren ragowar, ko minti ɗaya na kunna sai kuka. Haka na miƙa musu duka ban bi na tace ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Ran Lahadin makon jiya, bayan an tashi coci ana rabon abinci, Lafaele ya tare ni. Ɗan Baba Tavae nake nufi, mai aiki a filin jirgi, wanda gidansu ke shari'a da kai a kan filin bakin teku da sarautar gida. Yana riƙe da farantin kifi yana murmushi, ya kira ni farfesar dangi, ya ce ashe har matattu nake sawa su yi magana. Ya ce ya ji labari ranar ɗaya ga wata za a buɗe muryar tsohuwa, kuma lauyansu ya ƙagu, domin tsofaffi in suka ga kabari kusa ba su iya riƙe baki. Na ce masa tatsuniya ce kawai, in yana so ya zo da tabarmarsa. Ya ce to, shi ma yana son tatsuniya. Na yi dariya kawai.

Washegari na zauna a ɗakin karatu na bi faifan ɗaya bayan ɗaya. A na tara na same shi. Ranar da kuka tafi taron coci a ƙauyen gaba ne, aka bar mu mu biyu. Ta fara da waƙa, sai ta zarce cikin salsalar gidanmu, suna bayan suna, wadda ka ce ba a faɗin ta sai a gaban masu sarauta. Minti arba'in. A tsakiya ta ce mahaifinta Faiga ba haihuwar gidan ba ne. A shekarar babbar annoba aka ɗauko shi jinjiri daga wani ƙauye da mutanensa suka ƙare, aka goya shi tare da kakan Baba Tavae, aka ce kada a ƙara tayar da zancen. A lokacin hankalina na kan kalmomi da yadda take furta su, ban gane nauyin abin ba. Amma a faifan an ji ina tambayarta ko in kashe na'urar, ita kuma ta ce in bar ta, ai don ta ji aka kawo ta.

Na je wurin malamata, Dakta Akiona, 'yar asalin tsibirin nan ce, ba sai na yi mata dogon bayani a kan ƙasa da zuriya ba. Ta saurare ni, ta ce da na zo mata tun a Fabrairu da gyaran na minti biyar ne, amma yanzu an riga an shigar da faifan cikin rahoton da aka aika wa masu ba da kuɗin. Ta samo mini zama da kwamiti ran Alhamis. Mutum biyar ne a bayan tebur. Shugabansu ya yi mini magana a hankali, ba wulaƙanci. Ya ce ana iya rufe sashe guda idan shugaban dangi, wato kai, ya aiko da takarda ya faɗi dalili, dalilin kuma zai shiga fayil. Na ce faɗin dalilin ai shi ne buɗe abin. Wata daga cikinsu ta ce in an bar kowane ɗalibi ya janye abin da ya ga dama, baɗi masu kuɗin za su rufe hannu, ɗalibai ashirin su tafi gida saboda ni. Ban ga laifinta ba, na san su duka ashirin ɗin, har da 'yar Tonga da muke cin abinci a kwano ɗaya. Dakta Akiona ta ce musu ba a taɓa raya harshe da tona asirin masu shi ba. Aka yi ta ja har kusan awa biyu.

A ƙarshe hanya biyu suka ba ni: ko in bari a buɗe duka ranar ɗaya ga wata, ko in janye duka, tallafina kuma ya tsaya a ƙarshen zangon nan. Suka ce in je in yi tunani zuwa Litinin. Na ce ba sai Litinin ba, na janye. Nan take na sa hannu a takardar. Yanzu babu kwafi a jami'a, ɗaya ne tak, yana wurina. Dakta Akiona na neman mini aikin koyar da 'yan ajin farko, ba tabbas. Na kuma yi magana da wata mata a cocinmu da ke aikin wanki a otal. Mama ba ta san komai ba tukuna, likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali.

Na san abin da za ka fara cewa, in goge shi. Kawu, ka gafarce ni, ba zan goge ba. Na rufe wa gidanmu asiri a gaban baƙi, na kuma biya da karatuna ba tare da na yi nadama ba. Amma Kaka ta san na'urar na aiki, da gangan ta faɗa. Lafaele ya riga ya ji na janye, jiya ya turo mini saƙo cewa wanda ya ɓoye tukunya ya san abin da ya dafa, kuma za su nemi kotun filaye da sarautu ta kira ni shaida a watan Yuni. Idan aka ɗora mini hannu a kan Littafi Mai Tsarki, abin da na ji shi zan faɗa. Gara ka ji wannan daga gare ni yau da ka ji shi a gaban alƙali.

Ban san ko ka daɗe da sanin zancen Faiga ba, ba kuma zan tambaye ka ba. Abin da na sani, ya yi wa gidan nan hidima shekara sittin, shi ya gina cocin ƙauyenmu da hannunsa, kuma a filin nan aka binne shi. Wannan ma hujja ce, kuma ta fi ƙarfi a bakinka kana zaune a kan tabarma da ɗan'uwanka fiye da a bakin lauya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Saura mako bakwai. Ina roƙonka ka taka da ƙafarka zuwa gidan Baba Tavae kafin takardar kotu ta iso ni.

Ka gaishe mini da Inna Malae, da Yaya Sefulu da matarsa, da Gwaggo Tinei mai addu'a. A zuba mini furanni a kan kabarin Kaka. Idan ka je gidan Baba Tavae, ka ce masa Siniva jikar Fuatino tana gaishe shi. Idan kuma ba ka je ba, ka aiko mini da amsa ta hannun matar fasto, ko da faɗa ne, in san inda na tsaya.

Taka 'ya mai jiran maganarka,
Siniva