Giyar da Ta Sha Hayaƙi

Póvoa da Lomba, Disamba

Yaya Ondina,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, da fatan kuna lafiya, ke da Baltazar da yara. Ya sanyin ƙasar taku? Gwiwar nan taki fa, har yanzu tana hana ki hawa bene? Mu dai da sauƙi, in wannan ne ake kira sauƙi.

Abílio yana asibiti a Coimbra har yau. Na san an ba ki labari a waya, amma rabi aka ba ki. Ranar da gobarar daji ta gangaro mana daga tudu, 'yan kwana-kwana suka ce kowa ya bar ƙauyen. Kowa ya fita ban da mijina, sarkin taurin kai. Ya tsaya a bakin gonar inabin da kakansa ya dasa, da tiyo da jiƙaƙƙen buhu, yana dukan wuta kamar mai korar awaki. Gonar ta tsira. Hannuwansa ne ba su tsira ba: an yi wa na dama dashen fata, na hagu kuwa yatsun sun ƙage ba sa lanƙwasa.

Maƙwabta suka taya ni tsinke inabin, na matse, na zuba a ganguna, komai yadda yake faɗa mini ta waya. Jiya na sauka ɗakin gangunan na ɗanɗana. Launi ja wur, ƙamshi irin na kowace shekara, a baki ma da farko lafiya lau. Sai da na haɗiye. Yaya, sai ka ce murhu na lasa. Hayaƙin da ya yi kwanaki kwance a kan gonar ashe ya ratsa ɓawon 'ya'yan inabin ya ɓuya, sai yanzu ya fito. Na bi gangunan ɗaya bayan ɗaya ina roƙon Allah ko guda ta kuɓuta. Babu. Na zauna a kan matakala na yi kuka har na gode Allah.

Kin san yadda muke a gidan nan. Allah bai ba mu haihuwa ba, shi ya sa Abílio yake kiran giyar kowace shekara 'yar bana. Sai ya shigo mini kicin da tambulan ya ce, "Graciete, ga 'yarki nan, nemo mata miji." Ni kuma in yi ta gwada girki har in samo wanda ya dace da ita, wata shekarar zomo, wata shekarar cukun tumaki da burodin masara. Giyar tamu ba ta da yawa, amma masu gidajen abinci na Porto da sunanta suke tambaya.

Ɗazu ya kira. "'Yar bana fa? Kyakkyawa ce?"

Na ce, "Ubanta sak."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini duk wanda ya zo duba shi sai ya ɗaga masa hannuwan nan ya ce da su ya fanshi giyar da ba a taɓa yin irinta ba. Abin da yake riƙe da shi ke nan, ba maganinsu ba. Kada ki gaya wa kowa, ko Baltazar, kin san bakinsa ba ya riƙe magana.

Ki saka ni a addu'a. Taki,
Graciete

Póvoa da Lomba, Fabrairu

Yaya Ondina,

Ina gaishe ku duka. Saƙonki ya iso, man shafawar yana yi wa fatar tasa amfani, na gode. Allah ya sa gwiwa ta lafa.

An sallamo shi. Ya rame, rigunansa duk sun yi masa yawa. Bai iya riƙe cokali sosai ba, kuma likita ya hana shi sauka matakala, wannan kam na gode wa likita.

Kin ce in faɗa masa gaskiya. Daga nesa faɗa ba wuya, Yaya. Ba ke kike wanke masa hannuwan nan safe da yamma ba.

Na samo dabara. Idan bakin mutum ya cika da abin da ya sha hayaƙi, sai ya ɗora laifin ɗanɗanon tokar a kan abincin, giyar ta wuce salin-alin. Saboda haka tun da ya dawo ban dafa komai a ruwa ba. Yau bandar naman alade, gobe kifin sadin a kan gawayi, jibi tsohuwar akuya a tukunyar ƙasa cikin tanderun itace. Tattasai ma sai na bari ya ƙone kafin in sauke. Ba na kai masa tambulan baki sai na ga yana tauna, tunda dai ni ce mai riƙe masa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Yarinyar nan akwai ƙarfi." Ni kuma in ce ai shi ya sa na nemo mata miji mai zafin rai.

Gidan duk ya ɗauki ƙauri, har labule. Perpétua maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Wai ke gobarar bara ba ta ishe ki ba ne, sai kin ƙarasa mu?" Na yi mata dariyar yaƙe na shige.

Amma dabarar ba ta ci kowa ba. Dona Benedita, mai gidan abincin nan ta Porto da take fara ɗaukar giyarmu kowace shekara, ta zo ɗanɗano. Ni na zaɓa mata ranar da aka kai Abílio wankin ciwo. Na cika mata teburi da banda da gashi. Ta ture farantin gefe ta ce, "Ruwa kawai za ki ba ni, da guntun burodi."

Ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar, ta jira. Ina kallon fuskarta lokacin da tokar ta iso.

Ta ce, "Ke ma kin sani, ko?"

"Don Allah ki ci da naman tukuna, ki ji yadda suke tafiya tare."

"Dona Graciete, girkinki ko ruwan wanki aka sha da shi sai ya yi daɗi. To wanda ya sha da dafaffen kifi fa? Me zan ce masa?"

Na tambaye ta ko in giyar ta kwana biyu a ganga abin zai lafa. Ta ce sai dai ya ƙaru. Ta ce masu dafa barasa, masu tace giya su fitar da mai ƙarfi, za su saya da araha. Ta rungume ni a bakin ƙofa, ni kuwa ji nake kamar in shaƙe ta, alhali ba ta yi mini komai ba.

Na gaya wa Abílio ta ɗaga zuwanta sai bayan Ista. Na gaji, Yaya. Ko ganin murhu ba na son yi, kuma ban san ranar da ƙaryar za ta ƙare mini ba.

Ƙanwarki,
Graciete

Póvoa da Lomba, Afrilu

Yaya Ondina,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe mini, yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Ranar Lahadi na hura gawayi, sai ya ce in kashe. Romon kaza da farar shinkafa yake so, irin na marasa lafiya. Na dafa, na kawo. Ya ce in ɗebo 'yar bana. Na ce ai ba sa shiri da romo. Ya ce, "Ɗebo dai."

Bai bari na riƙe masa ba. Ya matse tambulan tsakanin tafukansa biyu ya sha, ya haɗiye, ya jira.

"Graciete, tun da na auro ki ban taɓa ganin kin ƙona tattasai ba. Tun kurɓar farko na ji toka. Na yi shiru ne, ina cewa bakina ne wutar ta lalata, kowa yana jin daɗinta ban da ni. Da hakan ne, da na gode Allah." Ya dube ni. "Faɗa mini. Bakina ne, ko ita ce?"

Yaya, ƙofa ce ya buɗe mini. Da na ce bakinsa ne, da ya yarda, don so yake ya yarda. Amma idanun nan nasa suna kaina, na kasa yi masa ƙarya. Na ce, "Ita ce."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi hannuwansa ya daɗe. Sannan ya miƙe ya nufi matakalar da aka hana shi, na bi shi ina riƙe da rigarsa. Na yi masa maganar masu dafa barasa, ya ce 'yarsa ba za ta je can ba. Ya kama kan famfon ganga ta farko zai murɗa. Yatsun suka ƙi. Ya gwada da ɗayan hannun, ya gwada da gwiwar hannu, har sabuwar fatar ta tsage. Daga nan ya ja da baya, ya ce da ƙaramar murya, "Taimaka mini, Graciete."

Ni na buɗe su, duka, da hannuna. Muka tsaya muna kallon giyar tana bin kwata, har kwatar ta daina ja.

Inabin gonar ya fara toho, kore shar, kamar ba abin da ya faru. Ya sa na juya masa kujera ta ba taga baya. Ba ya tambayar gona, ba ya ɗaga wa kowa hannuwa kuma, cikin aljihu yake ɓoye su.

Yau da safe na kai masa kofi da madara. Ya kurɓa ya ture, ya ce toka yake ji. Na ɗauka na ɗanɗana, Yaya. Kofi ne lafiyayye, babu abin da ya same shi. Na ce masa ni ma na ji, na je na zubar.

Ki zo in gwiwa ta bar ki. Ni ce ƙanwarki,
Graciete