Yayana Ba Ɗan Ɗumama Benci Ba Ne

Anti Dela, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni, kuma ki yi haƙuri da Hausata. A Jidda aka haife ni, a unguwar Bani Malik, Larabci muke yi a makaranta. Karatun Hausa a littattafan soyayya na koya, waɗanda alhazai ke zuwa da su daga Kano. Shekarata goma sha bakwai. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama: na san ƙwallon Amurka, irin wadda ake yi da hular kwano, ciki da waje. Ni ce na fara riƙe wa yayana ƙwallo yana bugawa, a saman gidanmu, tun ina 'yar ƙarama.

Bari in faro daga farko. Babanmu mutumin Maraɗi ne, direba ne a unguwar Abhur. Da can wani Ba'amurke yake tuƙawa. Yaya Jabiru yakan bi shi ranar hutu, su yi wasa da ɗan gidan. Wata rana mutumin ya ga Yaya ya buga ƙwallo ba takalmi ta tsallake katangar gidan har ta faɗa na maƙwabta. Sai ya ba shi irin tasu, mai kama da gwanda, ya nuna masa yadda ake buga ta ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu. Amma ita ba ta tsayawa da kanta, sai wani ya durƙusa ya dafa kanta da ɗan yatsa. Wa zai dafa masa a Bani Malik? Ni. Idan Mama ta tafi kasuwa, sai mu hau sama, ya rataya tsohon bargo a igiyar shanya, ya riƙa bugawa ciki. Ya koya mini in juya ɗinkin ƙwallon ya kalli gaba, kada in kalli ƙafarsa, kada in janye hannu. Wallahi Anti, iskar ƙafarsa har a fuskata nake ji, amma ban taɓa janyewa ba. Ko da ya zo hutu na ƙarshe, na riga na fara sa abaya, sai da muka hau.

Da mutanen za su koma ƙasarsu suka roƙi Baba, suka tafi da shi. Ya gama sakandare a can yana buga wa makarantarsu. Wata jami'a ta ɗauke shi karatu kyauta saboda ƙafarsa. Da ya gama babu ƙungiyar da ta neme shi, sai ya kama aikin ɗaukar kaya a wani kanti, yana zuwa gwaji ana sallamarsa. Wannan ni kaɗai yake faɗa wa, idan Mama ta miƙo mini waya a ƙarshe. Bana mai bugun wata babbar ƙungiya ya ji rauni, suka kira Yaya. Ya'ani ya zama ɗan wasa na gaske, irin wanda ake biya.

To ga inda matsalar ta fito. Ammu Othman, mai gadin gidan da Baba ke aiki yanzu, ya ɗauko wasan Yaya na farko a kaset daga dish ɗin gidan. Baba ya yi murna irin wadda ban taɓa gani ba. Ya sa Mama ta dafa shinkafar kabsa, ya gayyato maƙwabta, falo ya cika. Mu mata muna leƙe ta bayan labule. Kowa ya ɗauka za a ga Yaya yana yanka mutane da ƙwallo irin na 'yan wasan nan Jidda. Aka kunna. Ƙarti suna ta karo da juna, Yaya yana tsaye a gefe da hularsa a hannu. Can ya shigo, ya buga sau ɗaya, ya fita. Aka daɗe, ya sake shigowa, ya buga, ya fita. Rigarsa ko ƙura ba ta taɓa ba. Malam Adamu mai shagon turare ya ce wai ashe aikin ɗumama benci aka kai yaron Amurka, wai ko ɗan raba ruwa ya fi shi gudu. Aka yi dariya. Baba ma ya yi, amma na ga yadda ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Tun ranar Baba ya yanke cewa kocin ba ya son Yaya, wulaƙanta shi ake yi. Direban uwargidan kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, zai koma gida bayan aikin Hajji, kuma kafilin ya yarda ya ɗauki Yaya ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. Baba ya ce bayan Babbar Sallah zai kira shi ya dawo, halas, magana ta ƙare. Kuma na san Yaya. Idan Baba ya ce yalla, taho, ko yana tsakiyar fili zai ajiye hular ya taho.

Anti, su ba su gane ba ne. Aikinsa ke nan! Mai bugu ba ya gudu, ba ya karo. Sai abu ya cije ake kiransa, kuma irin wannan bugun idan ya shiga maki uku ne. Na sani, amma bakina ya ƙi buɗuwa. A littattafan da nake karantawa yarinya takan durƙusa gaban mahaifinta ta yi magana mai daɗi har ya yi hawaye. Na shirya tawa a gaban madubi, har da inda zan yi shiru. Amma da na kai wa Baba shayi ya ɗago ya kalle ni, sai in ji kaina ina tambayarsa ko sukari ya isa. Kuma idan ya ce a ina na san wannan wasa na maza fa?

Akwai abin da ya fi wannan. Bugun ƙarshe a kaset ɗin bai shiga ba, ya kauce dama kaɗan. Da ya shiga da sun ci wasan. A falon babu wanda ya lura, lokacin ana ta raba lemo. Ni kaɗai na ga Yaya ya tsaya riƙe da ƙugu, wanda ya dafa masa ƙwallon yana bubbuga masa kafaɗa. (Wani dogo ne mai sanyin fuska, har na raɗa masa suna a raina, amma wannan ba shi ya kawo ni ba.) Yaya ya ce mini idan ya sake ɓarar da irin wannan za su iya sallamarsa a washegari. To kin gani? Idan na fahimtar da Baba cewa aikin babba ne, zai gane ɗansa ne ya kayar da ƙungiyarsu a gaban maƙwabta. Idan na yi shiru, Yaya zai dawo tuƙa mota, bayan duk wahalar da ya sha. Ko dai in faɗi rabi in ɓoye rabi? Ko abinci ba na iya ci sosai, Mama ta ɗauka azumi ne.

Na rubuta wannan na yaga, na sake rubutawa. Hajiya Tani da ta zo umara ta sauka a gidanmu, gobe za ta koma Kano. Na so in fasa, amma yanzu na ji tana ɗaure kaya. Zan kai mata.

Taki,
Mai Kunya, Bani Malik, Jidda

*

Wa alaikumus salam, 'yata Mai Kunya.

Hausarki ta fita sarai. Ni ce ma ban san wannan wasa ba, sai da na tambayi wani da ya yi karatu a can, ya tabbatar mini duk abin da kika faɗa haka yake.

Fara sauke kaya ɗaya daga kanki. Dafa wa yayanki ƙwallo a saman gidanku ba laifi ba ne. In ma Mama ta yi faɗa, na yini ɗaya ne.

Sai kuma ki yi wa Baba adalci. Dariyar maƙwabta ta yi masa ciwo, amma ba ita kaɗai ba ce. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana zaune a ƙasar da ba tasa ba, ya san darajar aiki mai tabbas da takarda mai kyau. Ke da kanki kin ce ana iya sallamar Jabiru saboda bugu ɗaya. Ashe tsoron Baba yana da tushe, dalilin da ya ɗora shi a kai ne kuskure. Shi kuma Jabiru ya kai inda dubbai ke nema ba su samu ba, kuma ƙarfin ƙafa ba ya jiran mutum. Tuƙi yana nan ko baɗi.

Ga shawarata. Kada ki faɗi rabi. Gobe wani zai faɗa wa Baba sauran, daga nan ba zai ƙara yarda da maganarki ba. Kada kuma ki jira jawabin littafi ya sauko miki, a gida ba haka ake yi ba. Ki sami Mama a kicin ki faɗa mata komai, ita ta san lokacin da Baba ke sauraro. Sai ku zauna ku uku, ba baƙo, ki kunna kaset ɗin. Ba sai kin kalli idonsa ba, ki kalli talabijin ki riƙa nunawa. Ki ce masa aikin Jabiru kamar na mai bugun fenareti ne, wanda ƙungiya ke ajiyewa don lokacin da kowa ya riƙe numfashi. Wannan Baba zai gane. Ki nuna masa waɗanda suka shiga, ki nuna masa wanda ya kauce. Uban da ya ga an damƙa wa ɗansa wasa gaba ɗaya a minti na ƙarshe zai ji zafin ɓarin, amma ba zai ƙara cewa an raina shi ba.

Kafin nan ki sanar da Jabiru abin da ake shiryawa. Rayuwarsa ce, kuma ya isa ya yi wa mahaifinsa bayani da bakinsa, har da wahalar da ya ɓoye. Ya roƙi Baba wa'adi, ko kakar wasa ɗaya, da alkawarin cewa in abin bai yiwu ba zai dawo ba gardama. Iyaye sun fi saurin yarda da abin da ke da iyaka. Kada ki bari sai Sallah ta matso, ki yi a makon da wannan amsa ta iso hannunki.

Idan bayan duk wannan Baba ya tsaya a kan bakansa, ya yanke ne yana sane, ke kuma kin fita haƙƙin ɗan'uwanki. Ki ci abinci, 'yata. Allah ya daidaita ƙafar Jabiru, ya sanyaya zuciyar Baba, ke kuma ya buɗe miki baki a ranar da kike buƙata.

Anti Dela