Tiyon Iskar da Kuka Ɗaure da Robar Keke

Zuwa ga Manajan kamfanin kwali da ke bakin titin Kura zuwa Kano.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma jinjina. Na daɗe ina dillancin albasa da tumatir tsakanin Kura da Bunkure, na ga masu tsimi iri-iri, har da mai wanke ruɓaɓɓen kwando ya sayar a matsayin sabo. Amma tsimi irin naku ban taɓa gani ba. Ya kamata a tara mu 'yan kasuwa a kawo mu ɗaukar darasi.

Ni ne yayan Sabi'u, wanda yake aiki kusa da injin iskarku har zuwa ranin bana. Na ce bari in tuna maka da shi, tunda ma'aikata suna da yawa.

Na ɗaya. Mu nan idan tiyon injin ban-ruwa ya saki, robar tayar keke muke yankowa mu ɗaure. In ta kwance, iyakaci mutum ya jiƙe a yi masa dariya. Ma'aikatanka 'ya'yan gona ne. Da maɗaurin ƙarfe na tiyon iska ya karye, sun nemi sabo, heluma, shugaban leburorinku, ya ce su yi dabara, su kuwa suka yi wadda suka gada. An ce ka wuce ka gani, har ka yaba. Su ba su san bambancin ruwa da iskar da aka matse a tanki ba. Kai fa, da takardun karatunka suka cika bangon ofis?

Na biyu. Robar ta saki bayan azahar, ana shirin sallar la'asar. Tiyo ya tashi yana dukan duk abin da ya samu, bakin ƙarfensa ya sami Sabi'u a kunnen hagu. An daɗe ana guje-guje kafin a kashe iskar, domin an jibge kwali a gaban makunnin. A babur ɗin abokin aikinsa aka kai shi asibiti yana jini, motar kamfani tana tsaye, wai ita ta kaya ce. Likita a Kano ya ce wannan kunnen ya tafi ke nan.

Na uku, kuma nan ne kuka burge ni. Kun ce laifinsa ne, domin yana kakkaɓe jikinsa da iskar lokacin da abin ya faru. Gaskiya ne. Kowa a wurin haka yake yi kafin salla, tunda famfon ma'aikata ya mutu tun bara, kuma mutum ba zai tsaya gaban Ubangijinsa da ƙurar takarda har cikin gira ba. Babu wanda ya taɓa hana su. Sannan kuka aiko masa ya zauna a gida, wai wanda ba ya ji sosai haɗari ne a cikin injuna. Kun kurmantar da mutum, kun kuma sallame shi don kurma ne. Gonarsa ya bayar aro da ya sami aikinku, yanzu shi da iyalinsa a tukunyata suke ci.

Na huɗu. Na zo da kaina, aka ce kana taro. Ina zaune a benci na hango tiyon. An yi gyara, ba zan ɓoye ba: an sa sabuwar roba, an kuma ninka ta biyu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A mayar da Sabi'u aiki a inda kunne ɗaya ya isa, ko a sito ko a ƙofa, a kuma ɗauki nauyin maganinsa. A sayo maɗaurin ƙarfe; in ba a san inda ake sayarwa ba, ina shiga Kano kowane mako. A kwashe kwalin da ke gaban makunnin. A gyara famfo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka kunnuwanka biyu, ya sa ka ji wannan da su.

Heluma ya rantse mini cewa yanzu babu sauran haɗari. To, maigadi ya ce tun daga ranar ba a sake ajiye motarka a inuwar tankin ba, can bakin ƙofa take yini a rana. Ranka ya daɗe, me motar ta sani wanda ba a gaya wa ma'aikata ba?

Wassalam.

Ɗanjuma Mai Albasa,
Kura.